Haƙoran Injin Yaya

Ranar da aka kawo mini injin, a kan motar kasuwar Barmu aka ɗauro shi, tsakanin buhunan wake da wasu awaki da suka yi ta yi masa fitsari tun daga hanya. Ina ƙarƙashin rumfar garejina a Tawa, ina fama da wani babur da ya ƙi tashi, sai na ji muryar yayana yana faɗa da masu sauke kaya, wai su bi shi a hankali, ba buhun gero ba ne. Na fito ina goge hannu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, kuma ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya nuna mini injin da haɓa.

"Auta, ga shi nan. Shina cikin aiki yab buga kuwwa, yat tsaya. Kan injin na tashi lahiya lau, amma wuƙaƙen ba su juyawa."

Injin huɗa ne ƙarami, irin wanda mutum ke riƙe wa hannuwa biyu yana bin sa a baya, wuƙaƙensa na juyawa suna farfasa ƙasa. Motokiltar muke ce masa. Yaya ne ya zo da shi daga Abijan, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sayar da takalma a kan tebur a bakin wata kasuwa. Kamar kowane namiji na Adar, tun gemunsa bai fito ba ya tafi bida, wato neman abin rufin asiri a ƙasar wasu. Ni da nake auta ban san shi sosai ba ina yaro. Abin da na sani shi ne wani dogon mutum mai ƙamshin turare yana zuwa jefi-jefi, ya yi wata ɗaya ko biyu, sai wata safiya a tashi a ga babu takalmansa a ƙofar ɗaki. Haka ake tafiya a wajenmu. Mai tafiya bida ba ya shelar ranarsa, matarsa kaɗai yake gaya wa, ita ma sai ana gobe. Wasu na cewa tsoron baki ne. Ni a ganina tsoron uwa ne, domin idan ta buɗe baki ta ce kada ka tafi, babu ɗan da zai tsallake.

A zuwansa na ƙarshe sai ya sauka da wannan inji na hannu, ja, fentinsa ya koɗe, ya ce ya gama bida. Akwai garkar mahaifinmu a fadama, da rijiyarta, tun rasuwar tsohon babu mai nomanta yadda ya kamata. Ya ce albasa zai yi. Matsalar garka a ƙauyenmu kuwa ba ruwa ba ce, hannu ne. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, duk mai ƙarfin ɗaga galma ya kama hanya, a bar gari da tsofaffi da mata. Ƙasar fadamar nan idan ta bushe sai ta ɗaure tamau, mutum ɗaya ba ya huɗe ta da hannu kafin lokacin dashe ya wuce. Da injin, Yaya shi kaɗai yana gama aikin da a da sai an yi gayya. Shekarar farko albasarsa ta yi kyau har ya gina rudu biyu, wato rumbunan ajiyar albasa.

Mahaifiyarmu, Inna, ba ta taɓa cewa ta ji daɗin zamansa ba. Ɗan farinta ne, kuma ita irin matan da ne masu tsananin kunya: ba ta kama sunansa, ba ta kallon fuskarsa, idan yana tsakar gida sai ta juya ta yi magana da bango ko da kaza. Amma injin ta samu abin fakewa. Kullum da la'asar sai ta tambayi matar Yaya, "Injin ga ya komo? An ba shi ruwa?" Duk gidan mun san wanda ake tambaya.

To wannan injin ne aka sauke mini a gareji. Na kwantar da shi a kan tsohuwar taya, na fara da abin da ya fi sauƙi. Kurwa, wato bel ɗin robar da kan injin ke juyawa, lafiya take, ba ta tsinke ba. Na kama wuƙaƙen na juya da hannu, sai na ji ƙara daga cikin buwat, akwatin ƙarfen nan da ke tsakanin kan injin da wuƙaƙe, inda ƙarafa masu haƙora suke cizon juna suna miƙa ƙarfi ƙasa. Ƙarar tsakuwa ce a cikin gwangwani. Na ajiye kwano a ƙasa don tarar mai, na sassauta ƙusoshin murfin, na buga shi ya buɗe. Ko ɗigo ɗaya bai zubo ba. Abin da ya zubo garin ƙarfe ne mai ƙyalli, da gutsattsarin haƙora.

Ina da saurin fushi, duk wanda ya taɓa kawo mini gyara ya sani. Amma yayana ne, sai na haɗiye rabi.

"Yaya, yaushe rabon ku da zuba mishi mai?"

Ya ji haushin tambayar. "Kai, mi kaka nuhi? Ban taɓa bari mai nai shi yi baƙi ba. Ko wanda yaz zo aro, sai na diba da idona kahin shi hita da shi."

"Wane baki kaka zubawa?"

Ya nuna mini bakin da ke jikin kan injin. Ni kuwa na ɗauki sukudireba na kankare busasshiyar laka a gefen buwat ɗin, can ƙasa, inda ba mai kai ido. Wata ƙusa mai faɗin kai ta bayyana, fentinta iri ɗaya da na jikin akwatin. Na ce masa wannan ma baki ne, nata man daban ne, mai kauri. Ya duƙa ya kalle ta ya daɗe. Daga baya ya ce, "Biyu na?" Na ce biyu ne.

Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Duk injin da muka tashi muka sani bakin mai ɗaya gare shi. Injin ban ruwa da ke kowace garka, wanda kowane manomi a fadamar nan zai iya kwance shi ya ɗaure, baki ɗaya ne. Babur ma mai ɗaya ke ciyar da komai nasa. Mutanenmu suka ɗauki motokiltar a matsayin injin ban ruwa mai ƙafa, suka yi ta kula da shi da zuciya ɗaya, suna canza masa mai a kan kari, suna wanke shi, suna lulluɓe shi. A can ƙasa kuwa ciyawa da saiwoyi sun naɗe sandar wuƙaƙen, sun cinye robar da ke tare mai, man ya yi ta tsiyaya cikin ƙasar garka ba wanda ya lura. Ga kuma aro. A ƙauyenmu ba a hana maƙwabci kayan aiki, balle suruki ko ɗan uwa, don haka injin ya huɗe garkar kusan kowa, yana tafe a bushe.

Na shimfiɗa buhu na jera kayan cikin bi da bi yadda na fito da su, na wanke kowanne da fetur. Rulma biyu, zobban ƙarfen nan masu ƙwallaye da sanda ke juyawa a cikinsu, sun watse, ƙwallayensu sun yi baƙi don zafi. Waɗannan ba su dame ni ba, irinsu na nan a kasuwar Tawa. Sandunan ba su lanƙwashe ba. Babban finyo, wato ƙarfen mai haƙora, ya ci wuya amma zai yi. Ƙaramin da ke tura shi ne ya mutu, haƙoransa sun zube ta gefe ɗaya, saura sun yi tsini. Shi ne duk maganar.

Yaya ya tambaye ni kwana nawa. Irin albasarsa na cikin fangali ya kusa isa dashe, ga geron shekarar bai yi ba, ruwa ya ɗauke da wuri, rumbunmu ko rabi bai kai ba. Bai faɗa mini abin da zai biyo baya idan albasar ta kuɓuce ba, ni ma ban tambaya ba, mun sani mu duka. Abokansa na Abijan suna ta kiran sa a waya, wai teburinsa na nan ba a ba kowa ba. Na ce masa ya koma gida, kafin kasuwa ta zagayo zai ji ni.

Na saka mataccen finyon a aljihu na shiga gari. Babu shagon kayan gyara da ban leƙa ba. Kowa sai ya karɓa, ya juya shi, ya ƙirga haƙoran da yatsa, ya shiga ciki ya yi ta bincike, ya fito da wani abu da ko makaho ya san ba shi ba ne, ya ce, "Wanga ma na yi, in ka ɗan goge shi." Wani ɗan Maraɗi har rantsuwa ya yi mini a kan finyon injin niƙa. Na ce masa idan haƙorinsa ya fita ya je a sa masa na jaki, in ya so a ɗan goge. Mun rabu ba daɗi. Na sauka Ƙonni, nan ma babu. A ƙarshe na ɗauki hotonsa ta kowane gefe, na auna, na aika wa wani ɗan kasuwa mai shiga Sakkwato, ya ce zai duba, in babu a can zai sa a tambaya Kano.

Jira kuwa ba ya huɗe garka. Sai na yi abin da makanikai ke yi idan sun rasa: na kai finyon wajen mai walda ya cike gurbin haƙoran da narkakken ƙarfe, na dawo na ɗaure shi a bakin teburi na kama gurza da zarto, haƙori bayan haƙori, ina gwadawa da babban, ina sake gurzawa. Yatsuna suka yi kanta. A cikin kwanakin nan matar Yaya ta kira ni. Tsakanina da ita wasa ne, kamar yadda yake tsakanin mace da ƙanen mijinta.

"Maigida ƙarami, ashe sunan makanike kawai kaka ci? Ko sai na taho Tawa da muciyata in gyara ma?"

"Ki taho, daman tuwonki ya hi ƙarhen ga tauri, sai mu yanki haƙora ciki."

Ta yi dariya, sai dariyar ta yanke. Ta rage murya ta ce ya fara huɗa da galma tun asuba har rana ta take, kafaɗarsa ta kumbura, kuma ta gan shi ya fito da tsohuwar jakarsa ya kakkaɓe. Ta ce, "Don Allah ka yi hamzari. Inna na tambaya ko injin ya samu sauƙi."

Na haɗa shi da finyon walda na kai ƙauye da kaina. Ya tashi, wuƙaƙe suka juya, Yaya ya kama hannuwan ya shiga garka yana dariya irin wadda ban taɓa ganin ya yi ba, laka na fantsama a ƙafafunsa. Tsofaffi suka zo bakin shinge suna sa albarka. Ya ci kamar sulusin garkar. Kafin azahar wuƙa ta daki wani dutse a cikin ƙasa, muka ji ƙas, injin ya ci gaba da kuka wuƙaƙen suna tsaye. Haƙoran walda ba su da taurin na asali, sun karye gaba ɗaya. Yaya ya kashe injin, ya zauna a kan kunyar garka yana kallon ƙasar da ta rage. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na dawo da injin Tawa. Kwanaki suka yi ta tafiya, ɗan kasuwar nan kullum sai ya ce gobe. Yaya ya dasa ɗan abin da aka huɗe, sauran irin ya tsufa a fangali, ya yi tsawo ya fara kwanciya, ya rarraba wa maƙwabta don kada ya lalace a banza. Sanyi ya kusa fita sannan finyon ya iso, naɗe cikin jarida, sabo, da maiƙonsa. Na kira Yaya na ce ya samu. Ya ce, "Madalla. Ina nan tahe jibi, in gani da idona."

Ya zo da hantsi, da fararen kaya, babu jaka a hannunsa. Ya zauna a kan benci, na sa aka kawo shayi. Ranar ban karɓi aikin kowa ba. Na shanya sababbin rulma a rana har suka ɗauki zafi don su shige sanda ba tare da duka ba. Na zura finyon a mazauninsa, na kama shi da zobensa, na juya da hannu, haƙoran suka shiga juna ba ƙara ba cijewa. Na sa sabuwar robar tare mai. Na yanki kwali daidai bakin murfin, na shafe shi da maiƙo, na ɗaure ƙusoshin a hankali, wannan gefe sannan wancan, don kada murfin ya karkace. A duk aikin da na yi a rayuwata babu wanda na yi da natsuwa irin wannan. Yaya yana kallo, yana tambaya, wannan mene ne, wancan me yake yi. Ya ba ni labarin Abijan, yadda ruwa ke kwana yana zuba, da yadda gwiwoyinsa suka fara ciwo saboda tsayuwa. Ya tuna mini ranar da ya kawo mini ƙwallo ina yaro na fasa tulun Inna da ita. Tun da nake da shi ba mu taɓa hira mai tsawon wannan ba.

Da aka zo zuba mai ya ce in ba shi ya zuba da hannunsa. Ya tsiyaya shi a hankali, mai kauri kamar zuma, har ya kawo bakin ramin. Ya ɗaure ƙusar, ya sa na goge fentin kanta, na shafa mata fari don kowa ya gan ta.

"Ka kai shi gida ran kasuwa," in ji shi. "Ka gwada ma matata bakin ga. Ka gwada ma kowa."

Na ce ai shi zai nuna musu. Ya ce i, amma bakin makanike ya fi shiga kunne. Ya miƙe, ya dafa kafaɗata, ya ce zai shiga kasuwa ya sayo wa Inna goro. Na ce ya dawo mu ci abinci. Ya ce to.

Bai dawo ba, na ɗauka ya samu mota ya wuce gida. Ran kasuwa na ɗora injin na tafi da shi, ina ta tsara yadda zan tsokani matar Yaya. Na tarar da ita a bakin rijiya. Ta kalli injin, ta kalle ni, ta ce, "Ba ku gamu ba? Ai ta wurinka yab biya." Ashe Abijan ya koma. Jakar tun da safe ya ajiye ta a tasha wajen wani ɗan garinmu kafin ya zo garejina. Goron kuwa ya saya, ya ba direba ya kawo wa Inna.

Wannan ranar tana ci mini rai har yanzu. Yini guda mutumin nan ya zauna a gabana da fararen kaya, yana yi mini ban kwana ta hanyar da aka yarda namiji ya yi, ni kuwa idona na kan ƙarfe, ina jin daɗin yadda haƙora suka zauna. Ban sani ba ko da na gane zan iya tsayar da shi. Rumbu ba ya cika da magana, kuma lokacin dashe ya riga ya wuce. Amma da na raka shi tasha, da na riƙe masa jaka.

Inna ba ta ce uffan ba game da tafiyar. Ta dai ce kada a kai injin garka, a shigo da shi gida. Aka ajiye shi a inuwar rumbunta, ta lulluɓe shi da tsohon zanenta. Na durƙusa ina nuna wa matar Yaya farar ƙusar, sai na ga Inna ta matso da sandarta tana leƙe. Ta ce in sake, ba ta gani ba. Na sake. Daga ranar duk mai zuwa aro sai ya biya ta wajenta, kuma ba ya fita da injin sai ya kwance ƙusar a gabanta ta tsoma ɗan yatsa ta ga maiƙo. Manyan magidanta ta sha mayarwa gida su nemo kule, wato sifanar kwance ƙusa. Idan ta ga man ya ja baya sai ta aiko mini a Tawa, in sayo mai kaurin, ba ta yarda da na kowa. Matar Yaya ta riƙe garkar da taimakon ƙannenta, albasa tana yi daidai gwargwado. Injin bai sake tsayawa ba.

Yaya yana kira, kullum maganar ɗaya, bana zai haɗa abin da zai haɗa ya dawo gaba ɗaya. Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama wata. Idan aka kai wa Inna wayar ba ta karɓa, sai ta ce daga nesa, "A ce mishi injin na nan lahiya." Da ciwonta ya yi tsanani muka kira shi, ya kamo hanya, amma hanyar Abijan ba ta yini ɗaya ba ce. Ya iso bayan an yi addu'ar uku.

Da masu gaisuwa suka ragu, wata la'asar na gan shi ya nufi inuwar rumbun. Gemunsa ya yi fari, yana ɗingishi. Ya yaye zanen, ya tsaya yana kallon injin. Ya ce in miƙo masa kule. Ya durƙusa da ƙyar, ya kwance farar ƙusar, ya tsoma yatsa. Ya fito da shi sharkaf da mai, mai tsabta, cike har baki.

"Auta, kai ka zuba mishi?"

Matarsa ce ta amsa daga bakin murhu. Ta ce Inna ce, ko a makon da ta kwanta sai da ta sa aka ɗauko ta aka kawo ta nan ta duba, ta ce kada mai shi ya dawo ya tarar da shi a bushe.

Yaya ya zauna a ƙasa, ya jingina da rumbun, yatsan a miƙe yana kallon sa. Na miƙa masa tsumma ya goge, bai karɓa ba.